Waken Kawu Audu

Litinin, 5 ga Mayu, bayan Azahar

Na sayi wannan littafin ne don tsara darasin 'yan aji huɗu, ga shi zan fara shi da abin da ba darasi ba. Ba ni da wanda zan gaya wa, a waya kuwa ba zan ƙara ajiye komai ba.

Ina cikin aji da safe Nuriyya ƙanwata ta kira daga Beli, kira uku a jere. Na fita gindin darbejiya na ɗauka. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya Munawwara, kin ga bidiyon Yaya Bahauddeen?" Na ce na ga ya sa wani abu a zaurenmu na wasaf jiya, ban buɗe ba, datata ta ƙare. Ta ce in nemi data, kuma in sami wuri in zauna kafin in buɗe.

Minti huɗu ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Hoton gonaki, hoton tukwane, rubutun Turanci yana wucewa a ƙasa. Muryar da take magana kuwa ta Inna Barira ce, daga farko har ƙarshe, har da dariyar.

Ni na ce mata babu namijin da zai ji. A tsakar gidanta na faɗa, a watan Fabrairu, hannuna a ƙirji.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Ban je makaranta ba, na aika cewa kaina yana ciwo. Ba ƙarya na yi ba.

Bari in rubuta abin tun daga farko, ko na ga inda ya karkace. Shekara biyu ke nan ni da Bahauddeen, ɗan wan babana, muka buɗe Zauren Dabara a wasaf. Manoma ne da maƙera da masu gyaran injin ban ruwa da malaman makaranta, daga Karaye da Rogo da ƙauyukan tsakani. Mutum ya kawo matsalarsa, kowa ya jefa abin da ya sani, a gwada, a dawo a faɗi abin da aka gani. A nan Ɗanmaliki maƙeri ya haɗa injin ɓare gyaɗa da tsohon garen keke, bayan mutum goma sha ɗaya sun yi masa gyara, wasu ma ba su taɓa riƙe guduma ba. Doka ɗaya muka kafa, ni na rubuta ta da hannuna: abin da aka kawo zaure na kowa ne, babu mai cewa nawa.

Mata sun ƙi magana a wurin da maza suka cika, kuma ban ga laifinsu ba. Sai na buɗe musu hanya. Mace ta turo mini saƙon murya ni kaɗai, in saurara, in rubuta, in sa a zaure da "wata uwa ta ce". Ba suna, ba murya. Rabin abin kirkin da yake zauren ta wannan hanyar ya shigo, mazan suna ta gode wa matan da wataƙila a gidajensu suke.

Inna Barira aminiyar marigayiya mahaifiyata ce, ita ta yi mini wankan farko. Ba ta da waya, ni na je Beli na ɗauki maganarta da tawa. Na tambaye ta yadda take adana irin wake shekara guda ƙwaro bai taɓa shi ba. Ta zayyana mini: tankaɗaɗɗiyar toka, yashi mai laushi, busasshen barkono, sabuwar tukunya, a liƙe bakin da laka. Wannan shi na rubuta na sa a zaure.

Sauran ban rubuta ba. Da hira ta yi daɗi ta manta da wayar, ta ce a gindin turken akuya take binne tukunyar, don mijinta Malam Mijinyawa in ya ga iri a ɗaki, ranar kasuwa ce take faɗo masa a rai. In damina ta tsaya sai ta tono, ta ce wanta Audu ne ya aiko daga Rogo. Shekara goma sha tara Malam yana hawa babur ya je har Rogo ya yi wa Kawu Audu godiya, da kaka kuma ya kai masa zakara. Shi kuma Kawu ya karɓa ya ce ai an zama ɗaya. Tana faɗa tana dariya har da share hawaye.

Malam Mijinyawa shi ne wakilin mai unguwa. Shi ake kai wa ƙarar iyakar gona, shi yake sasanta miji da mata. Yanzu duk mai waya a Beli ya ji wannan.

Talata, bayan La'asar

Zaure ya cika da Masha Allah. Wai wata ƙungiya ce ta waje take gasar dabarun noma a intanet, bidiyon ya shiga cikin goma na farko, za a kira Bahauddeen Abuja. Kowa yana turo hoton tafi. Ɗanmaliki ya rubuta, "Malama, wannan ba muryar matar Mijinyawa ba ce?" Bayan minti biyu ya goge, amma na riga na gani, ba kuma ni kaɗai ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Na sami Bahauddeen a shagonsa na buga takardu da ke kusa da tasha. Yana ganina ya tashi ya ba ni kujera, fuska a sake, yana jira in taya shi murna. Na tsaya a tsaye. Na gaishe shi dai, don yayana ne.

Ya ce bai ambaci sunanta ba, bai nuna fuskarta ba. Na ce ta ambaci Audu, ta ambaci Rogo, ta ambaci akuya, kuma ko jaririn Beli ya san dariyar Inna Barira. Ya ce alƙalan gasar ba 'yan Beli ba ne. Ya juyo mini da kwamfuta in ga wani mutumin Indiya yana tambayar awon toka, wata 'yar Kenya tana cewa kakarta ma haka take yi. Idonsa har ƙyalli yake yi. Ya ce da zancen toka da barkono kaɗai ya tura, ko kallonsa ba za a yi ba, labarin da dariyar su suka ɗaga shi.

"Ke kika rubuta dokar, Munawwara," ya ce. "Abin da aka kawo zaure na kowa ne."

Na ce ba a kawo wannan zaure ba.

"To, ai ba sata na yi ba." Ya faɗa yana kallona.

Na ɗauki jakata na fito, ko sallama ban yi ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Ba saƙon murya ko ɗaya tun Litinin. Da, kafin in gama dama koko na tarar da huɗu ko biyar.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Nuriyya ta kira. A majalisar bakin masallaci yanzu in Malam Mijinyawa ya doso sai a yi shiru, in ya wuce sai a tuntsire. Wani mara mutunci ya tare shi a kasuwa ya ce, "Malam, bana Audu ya aiko kuwa?" Mutum biyu da suke da ƙarar iyaka a gabansa sun tsallake shi sun kai wa mai unguwa kai tsaye.

Na tambaye ta Inna fa. Ta ce ba ta leƙo ko ƙofar gida ba.

Halliru, maigidana, ya ce in shirya gobe ya kai ni Beli a babur. Na ce ina da wanki.

Asabar, 10 ga Mayu, da rana

Na yi wankin. Har labule na wanke, wanda ban taɓa damuwa da shi ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan Azahar

Jiya da sassafe Malam Mijinyawa ya kwance akuya, ya ɗauki fartanya ya tono tukunyar da kansa. Bai fasa ta ba, bai buɗe ba. Ya ɗaure ta a bayan babur da igiya ya kai Rogo, ya ajiye a ƙofar gidan Kawu Audu. Nuriyya ta ce ya yi sallama, sun gaisa tsaf, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, sannan ya ce, "Ga wakenka, na dawo maka da shi." Ya hau babur ya juyo.

Yau da safe Inna Barira ta bi bayan tukunyar. Bai sake ta ba, cewa ya yi ta je gida ta huta. Mace mai jikoki bakwai, da ƙullin kaya a ka, tana jiran mota a bakin titi kowa yana kallo.

Na tura wa Bahauddeen wannan, kalma da kalma. Ya karanta, alamar ta nuna. Bayan awa ɗaya ya goge bidiyon daga zaure, kamar wanda ya rufe ƙofar akurki bayan kaji sun watse. Na ce ya cire na shafin gasar ma. Ya ce ba a cirewa sai alƙalai sun gama.

Tare muka tashi da shi a gida ɗaya. Shi ya koya mini karatun agogo. Lokacin da Umma ta rasu shi ya tsaya a kan komai. Ina ta neman wannan mutumin a cikin wanda ya rubuto mini "ba a cirewa", ban same shi ba. Ya ci amanata, kuma ko a jikinsa.

Litinin, 12 ga Mayu, lokacin tara

Na yi niyyar fitar da shi daga zaure. Na danna sunansa, babu wurin cirewa. Ashe wanda ya buɗe zaure da lambarsa ba ya fituwa. Ni ce dai za a iya fitarwa.

Talata, 13 ga Mayu, bayan La'asar

Bushra, ɗaya daga cikin matan zaure, wadda ta koya mana haɗa abincin kaji da dusa da ganyen zogale, ta kira ni. Wannan ne karo na farko da wata cikinsu ta neme ni tun da bidiyon ya fita. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce don Allah in goge duk saƙonninta, akwai wanda ta yi zancen uwar mijinta a ciki. Na ce zan goge. Ta ce in rantse. Shekara biyu tana turo mini sirrin gidanta ba ta taɓa cewa in rantse ba.

Na rantse. Na zauna na goge na kowa, ba nata kaɗai ba. Wayar ta yi sakayau, ta daina maƙalewa.

Saura ɗaya ban goge ba. Ba na Inna ba ne, nawa ne.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban je Rogo ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan Magariba

Baba Alhassan, mahaifin Bahauddeen, ya aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya ji ina gaba da ɗan'uwana a kan maganar waya, kuma ba a san gidanmu da yanke zumunci ba. Ya ce yaron nan sunan gari ya ɗaga, in akwai kuskure a yi haƙuri. Na ce to Baba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin.

Haƙurin ma ni aka ba. Babu wanda ya ce a je a ba Inna Barira.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Kwana goma sha ɗaya ina rubuce-rubuce a nan ina zagaye abu ɗaya. Littafin nan ba mai karantawa sai ni, amma har shi ina yi wa ɓoyo.

Ranar da na dawo daga Beli a Fabrairu, a shagon Bahauddeen na sauka in yi cajin waya. Ina zaune ina tuna zancen zakara sai dariya ta ƙwace mini. Ya ce mene ne. Na ce ba komai. Ya ce haba, ƙanwata. Ba kowa a shagon sai mu biyu. Na ce masa zai ji abin da bai taɓa ji ba, amma ya rufa mini asiri. Na kunna masa. Ni na kunna, ba wanda ya ƙwace wayar daga hannuna. Muka yi ta dariya har ya riƙe ciki, muka maimaita wurin "ai an zama ɗaya" sau uku. Ko awa huɗu ba a yi da na dafa ƙirji a gaban Inna ba.

Washegari ya ce in turo masa, yana so ya rubuta awon toka da yashi daidai. Na san na riga na rubuta awon. Na tura. A ƙasa na ƙara saƙon murya na ce, "Yaya, kunnenka kaɗai fa." Shi ne wanda ban goge ba. Ina ajiye da shi don in nuna wa duniya na gargaɗe shi. Yau na saurare shi, sai na ji ashe dariya nake yi lokacin da nake faɗa.

Har yanzu ina cewa ya ci amanata, kuma ya ci. Amma abin da ya ci ɗin, ni na ɗauko daga hannun mai shi na miƙa masa.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Na gaya wa Halliru. Ya ce, "Inna kika gaya wa, ko ni?"

Ban je ba.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Ruwan farko ya sauka da asuba, mai ƙarfi. Yara rabin aji ba su zo ba, an tafi shukar gero. Zaure ya koma zancen iri da taki, maza suna ta musu a kan tazarar rami. Wani ya tambaya, "Ina iyayenmu mata? Kwana biyu ba mu ji 'wata uwa ta ce' ba." Ba wanda ya amsa masa.

Bahauddeen ya sa hotonsa a tashar Kano da sabuwar shadda, zai wuce Abuja. Ya rubuta cewa nasarar ta zaure ce baki ɗaya.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan Magariba

Nuriyya ta ce liman da mai unguwa sun je Rogo, sun zaunar da Malam Mijinyawa da Kawu Audu. Inna ta koma ɗakinta jiya da yamma. Tukunyar tana Rogo, Malam ya ce ba za ta ƙara shigar masa gida ba. Ya kuma roƙi mai unguwa ya nemi wani wakilin.

Bahauddeen ya rubuto daga Abuja: "Kin gani? Komai ya wuce."

Na toshe lambarsa. Bayan sallar La'asar na buɗe, don Baba Alhassan.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan La'asar

Na je Beli. Halliru ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce wurin abokinsa.

Malam Mijinyawa yana zauren gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi 'yan makaranta. Ya rame. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce maraba, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Muka gaisa. Ta tambayi Halliru, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi aiki, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwan Karaye ko ya kai nasu. Da muka kai ƙarshe ta sake ɗaukowa daga farko.

Na ce Inna, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Na gaya mata duka, shagon, cajin, sau ukun da muka maimaita, saƙon da na tura. Ban rage komai ba, ban jingina wa Bahauddeen abin da ba nasa ba. Ina magana ina kuka, ita tana kallon rariyar da ke cinyarta. Da na gama ta ce, "Ba komai, Munawwara. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta miƙo mini gefen zaninta in share fuska.

Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. Na gyara zama, na miƙe ƙafa. Na ɗauko rariyar in taya ta. Don in sako hira irin ta da, sai na ce, "Inna, waken fa? Ko za mu san yadda za a yi ya dawo daga Rogo kafin lokacin shukarsa?"

Ba ni ta kalla ba, jakata ta kalla, tana ajiye a gefen tabarma.

"Sai abin da Malam ya ce," ta ce.

Na buɗe jakar da sauri na fito da wayar, na nuna mata baƙin gilashin. Na ce a kashe take, Inna, tun a Karaye na kashe ta, wallahi.

"Na sani," ta ce. Ta karɓi rariyarta daga hannuna. "Ki gaida mutan gida."